Kwalbar Sabon Gari a Gidan Mai Gonar Inabi

Tun da na dawo daga Fotugal ban huta da tambaya ba. A bakin coci a tare ni, a wajen mai shayin kasuwar Samaru a tare ni, har mai keken da ke sauke ni a ƙofar gida sai da ya ce, "Baba, wai da gaske can rana ba ta da zafi?" Malam Bulus kuwa, abokina tun muna koyarwa, tambayarsa ɗaya ce kullum: wai da ƙafa suke matse inabin? Na gaji da ba kowa guntu-guntu, shi ya sa na zauna na rubuta. Wanda ya sake tambayata zan miƙa masa ya karanta.

Ba yawon buɗe ido na je ba, aikena aka yi. Yohanna ɗan wana marigayi ya je karatu can, ya samu aiki, ya ga wata yarinya mai suna Ines ya ce ita yake so. Tunda ubansa ba ya raye, ni ne uba, ni zan je in nema masa. A wajenmu, can kudu inda aka haife mu, ba a neman aure da baki kawai. Abin sha ake ɗauka a ajiye gaban uban yarinya. A da tulun burkutu ne, yanzu kwalba ce. In ya buɗe ya sha, ya bayar ke nan. In ya kawar da ita gefe a rufe, sai ku tattara takalmanku, ba sai an gaya muku ba.

Uwar yaron, Yaya Rifkatu, tana Jushi, ƙafa ta hana ta tafiya ko nan da can. Mace ce da ba ta ɗaukar wargi, kuma tun farko hankalinta bai kwanta da auren ba. Tsoronta kada ɗanta ya shiga gidan da ake yi masa murmushi a fuska ana raina shi a ciki. Ranar da na je sallama ta ɗora hannu kan kwalbar ta yi addu'a, sannan ta dube ni.

"Dauda, kada ka dawo ka ce mini sun yi fara'a. Baki kowa yana da shi. Ka gaya mini ko ya sha. In bai sha ba, ba da yawuna ba."

Kwalbar kuwa a Sabon Gari muka saye ta, ni da matata Saratu, a shagon wani mutum wajen Muchia. Jan ruwan inabi ne, wanda muke ce wa wayin. Ni ba mashayi ba ne. Cocinmu bai hana ba, buguwa ya hana, amma iyakar sanina da shi a wajen biki ne, inda ake zuba masa ƙanƙara a ƙara da lemo. Saratu ce ta nuna wadda ke tsaye a tagar shagon, doguwa, takardarta sai ƙyalli kamar an yi mata ado da zinariya. Mai shagon ya goge ta da tsumma ya ce, "Oga, idon madam ya iya zaɓe. Wannan na ƙasar waje ne, orijinal. Ya daɗe a nan, kuma wayin in ya daɗe ya fi daɗi." Muka biya muka fito muna jin mun yi abin kai.

Daga Kwangila na shiga motar Abuja. Hanyar kun san ta, ba sai na ɓata muku lokaci ba. Kwalbar tana kan cinyata a jakar hannu, duk ramin da muka faɗa sai in rungume ta. Matar da ke gefena ta kasa haƙuri ta ce, "Baba, ƙwai ne?" Na ce ya fi ƙwai.

A filin jirgi, yarinyar da ke auna kaya ta ce kwalba ba ta shiga jirgi a hannu. Dole na durƙusa a gaban jama'a na buɗe akwati, singiletina da daddawar Saratu duk a waje, na naɗe kwalbar cikin zanin da aka ba ni in kai wa uwar yarinya, na danna ta tsakiya. Duk tsawon tafiyar ban runtsa ba. Makwabcina a jirgi ya ɗauka tsoron sama nake ji, ya yi ta ba ni baki, ni kuwa tunanina yana kan masu jifa da akwati.

Da muka sauka Lisbon, mai duba fasfo ya tambaye ni da Turanci me ya kawo ni. Na ce neman aure. Ya dubi furfurata ya ɗaga gira. Na ce ba ni ba, ɗana. Ya yi dariya ya buga hatimi. A gaba kuma wani ɗan ƙaramin kare ya zo ya zauna kusa da akwatina ya ƙi tashi. Ashe kilishi ya ji. Nama ba ya shiga ƙasarsu, haka dokarsu take, suka karɓe shi cikin ladabi, ina kallo. Yaji da daddawa suka tsira. Jami'in ya warware zanin, ya ɗaga kwalbar ya karanta, ya nuna wa abokin aikinsa suka yi murmushi. Na tambaya ko akwai laifi. Ya ce babu, kawai dai a Sifen aka yi ta, ƙasar da ke bayan katangarsu. Wato ta je Zariya ta huta, na biya mata kuɗin jirgi ta dawo unguwarsu.

Yohanna ya tarye ni. Ya yi ƙiba, gaisuwarsa kuma ta gajarce. Muka hau jirgin ƙasa zuwa Porto, daga nan muka canja wani ƙarami da ke bin bakin kogi. Tuddai ne hagu da dama, an yanka su hawa-hawa kamar matakala, kowane hawa da layin inabi. Ni da na ƙare aikina ina koyar da noma, da ɗalibi ya nuna mini irin wannan ƙasa ya ce nan zai yi gona, da na kayar da shi. Duwatsu ne zalla, falle-falle. Daga baya aka gaya mini wai inabin da ya sha wuya ya fi wanda ya ji daɗi ɗanɗano.

Gidan surukan tsohon gini ne na dutse a saman tudu. Uban Ines sunansa Abiliyo, gajere, kakkaura, hannunsa kamar na maƙeri, ba ya jin Turanci ko kalma ɗaya. Matarsa sunanta Fatima. Na ɗauka Musulma ce har na fara shirya sallama, sai na ga gicciye a wuyanta. Ashe sunan ya cika ƙasar. Kafin in miƙa hannu ta kama kafaɗuna ta sumbace ni a kumatu, hagu da dama, a gaban mijinta. Na sandare. Yohanna ya ce da Hausa, "Baba, gaisuwa ce, ka saki jiki." Na ce wannan sashen ba za a gaya wa Saratu ba. Ga shi kuma na rubuta.

Suka ba ni ɗaki a sama, da bargo mai nauyin buhun masara. Washegari da hantsi na sa babbar riga da hula, na ce a tara mini mutanen gida. Na ajiye kwalbar gaban Abiliyo da hannu biyu, na faɗi abin da ya kawo ni kamar yadda ake faɗa. Yohanna ne ya fassara, abin da bai kamata ba, don yaro ba ya zama a wajen neman aurensa, amma ba yadda za a yi. Tsohon ya tashi ya rungume ni. Ya ce Yohanna ya daɗe da zama ɗansu, ba su da abin cewa sai godiya. Ya ɗauki kwalbar ya duba ta gaba da baya, ya gode, ya sauka da ita ɗakin ƙasa. Da ya hawo, wata ce dabam a hannunsa, tasa ta gida, ita ya buɗe.

Tawa ta zauna can ƙasa a rufe. Kowa yana tafi, ban da ni. Abincin ranar ban san ɗanɗanonsa ba.

Da muka keɓe na ce wa Yohanna, "Ka ga abin da ya yi?"

"Baba, ai girmamawa ce. A nan in baƙo ya kawo kwalba ajiyewa ake yi. Mai gida ya riga ya zaɓi wadda za ta dace da abincin."

"Uwarka ta ce sai ya sha."

Ya sosa ƙeya. "Don Allah Baba ka bar maganar. Ba a cewa mutum ya buɗe kyauta. Kuma wannan kwalbar..." Ya rage murya. "Mutumin nan yin wayin ne sana'arsa, kakanninsa ma aikin da suka yi ke nan. Irin wannan ko a miya ba zai zuba ba. Ka ce wa Mama ya sha, wa zai sani?"

Na ce ni zan sani. Raina ya ɓaci, don na gane yaron kunyar kayanmu yake ji. Amma na zuba ido ko tsohon zai buɗe ta don kansa.

Bai buɗe ba. Sai dai kullum da rana a zauna cin abinci, zaman da ba a gaggawa, kuma a nan na yi karatun da ban zo yi ba. Abiliyo ya lura ban san komai ba, abin ya yi masa daɗi, ya samu ɗalibi. Ines ce tafintarmu, yarinya mai hankali, Turancinta tas.

Darasin farko a kan kifi ne. Aka kawo wani busasshen kifi mai gishiri da aka jiƙa aka gasa da dankali da man zaitun. Ina ɗanɗanawa na ce ai wannan ɗan'uwan okporoko ne, busasshen kifin nan da Inyamurai ke sayarwa a kasuwar Sabon Gari. Can shi ne abincin alfahari. Tsohon ya zuba mini farin wayin mai sanyi, wanda ba fari ba ne sosai, ruwan ɗorawa-ɗorawa ne. Na kurɓa na yamutsa fuska, don ba zaƙi, sai ɗan tsami kamar an matsa lemon tsami a ruwa. Ya ce in ci kifin in sake kurɓa. Na yi. Sai na ji gishirin da maiƙon sun wanke daga bakina, loma ta gaba ta zama kamar ta farko. Ya ce shi ba ya zaɓen kwalba sai ya leƙa tukunya. Fari na kifi ne da kaza da abinci mara nauyi, ja na jan nama ne.

Jan kuma da aka kawo ranar gasasshen ɗan akuya, bauri gare shi, yana kama harshe kamar goro. Shi kaɗai ban so shi ba. Da nama mai kitse kuwa sai baurin ya kwanta. Na tambaya ko akwai ƙanƙara. Fatima ta dafe ƙirji kamar na yi saɓo. Ja ba ya son firij, ba ya kuma son zafi, sanyin ɗakin ƙasa yake so. Na kama kofin ta tumbinsa kamar kofin shayi, tsohon ya gyara mini hannu ya mai da shi kan siririyar ƙafar kofin, wai zafin tafi yana ɗumama shi. Kuma ba ya taɓa cika kofi. Ɗan kaɗan yake zubawa a ƙasa, a juya, a sa hanci, sannan a kurɓa. Rannan na juya da ƙarfi na yi wa babbar rigata ado. A wajenmu in ka zuba wa baƙo haka sai a ce rowa ce. Na kuma lura duk zaman da muka yi ban ga wanda ya tashi yana tangaɗi ba, don da abinci suke sha, da ruwa a gefe.

Ni ma na koya masa nawa. Na fito da yajin Saratu na barbaɗa masa a nama. Ya ci ya bi da ja, sai ga hawaye, ashe ja yana ƙara wa barkono wuta. Ya ruga ya ɗauko wani fari mai ɗan zaƙi-zaƙi, ya gwada, ya buga tebur ya ce wannan ne abokin yaji. Don haka masu cin tsire da farfesu, ku ji da kyau. Malam Bulus, amsarka kuma ita ce e, wasu har yanzu da ƙafa suke takawa a wani kwamin dutse, amma ba lokacin girbi na je ba, kwamin kawai na gani, kuma sun rantse mini suna wanke ƙafar.

Ana gab da tafiyata ya kai ni ɗakin ƙasa. Sanyi, duhu, gangunan katako, kwalabe kwance jere. Ya ce kwantar da su ake yi don ruwan ya riƙa taɓa toshiyar kada ta bushe iska ta shiga. In za ka saya, ka duba garin da aka yi shi da shekarar, ka manta da ƙyallin takarda, tsada ma ba ita ce daɗi ba. Yawancin wayin ba na ajiya ba ne, na sha ne tun yana sabo. Babban abokin gabansa kuwa rana ce da zafi. Kwalbar da ta dahu za ka ga toshiyar ta ɗan turo kai, wuyan yana danƙo, ruwan ya koma ruwan ƙasa, warin kamar tsohon kwali da ya jiƙe ko ruwan tsami. Ines ta ce ubanta ya taɓa mayar da kwalba a bikin ɗan'uwansa saboda haka, ba a yi masa magana ba har aka watse.

Yana bayani idona yana kan jerin kwalaben. Ga tawa can tsaye a gefe, ita kaɗai ke ƙyalli. Na matsa na shafa wuyanta, yatsana ya manne. Toshiyar ta turo har ta kumbura ledar da ke kanta. Na tuna tagar shagon Muchia da ranar Zariya da ke dukanta tun safe, Allah kaɗai ya san tun yaushe.

Na gaya wa Yohanna. Ya ce to shi ke nan, mu sauka gari mu sayi mai kyau in sake miƙawa. Na yi tunanin haka, ba zan ɓoye ba. Amma abin shan neman aure daga gida yake fitowa, kuma wannan ce uwarsa ta ɗora wa hannu. In na canja, saƙon wani na kai.

Ranar Lahadi bayan coci aka yi mini abincin sallama, da 'yan'uwa da makwabta. Na bar Yohanna na juya wajen Ines. Na ce ta yafe mini, a wajenmu ba a sa yarinya cikin maganar aurenta, amma ba ni da wani bakin. Na gaya mata al'adar, da uwar Yohanna da ke zaune a Jushi tana jiran kalma ɗaya. Na ƙara da cewa ta gaya wa ubanta na san kwalbar ta lalace, shi ya koya mini ganewa. Yohanna ya sunkuyar da kai.

Ta faɗa masa. Tsohon ya dube ni, ya ce me ya sa ban faɗa ba tun ranar farko, na bar shi yana ta zagina bai sani ba. Ya sauka ya ɗauko ta. Da ya sa abin buɗewa toshiyar ta farfashe. Ya zuba kaɗan, ruwan ya fito kamar jiƙon kanwa, warin ya iso har inda nake. Wani makwabci ya kau da hanci.

Na ce, "Ya taɓa da leɓe kawai, ya isa."

Ya tambaya ta bakin Ines, "A garinku uba leɓe yake taɓawa?"

Na ce a'a, shanye ƙoƙon yake yi.

Sai ya ɗaga kwalbar ya cika kofin har baki, mutumin da ban taɓa ganin ya wuce ƙasan kofi ba. Bai juya ba, bai shinshina ba. Ya miƙe tsaye ya kafa kai, maƙogwaronsa yana hawa yana sauka, idonsa a rufe, har ya shanye. Ya kife kofin a kan tebur. Ya goge baki ya yi magana, Ines ta fassara tana dariya tana hawaye: wai tun da aka haife shi bai taɓa shan abu mara daɗi irin wannan ba, kuma in je in gaya wa uwar yaron ya sha. Fatima ta miƙo nata kofin. Ni ma na zuba na sha nawa, kuma gaskiya tsohon bai yi ƙarya ba. Kunya ta kama ni, daɗi ya kama ni, na rasa wanda ya fi, na dai san na share ido da hannun riga. Yohanna ya zagayo ya durƙusa a gabana kamar yadda ake yi a gida, abin da bai yi ba a filin jirgi.

Dawowa ba wani labari. Abiliyo ya naɗe mini kwalba biyu, ja da fari, ya ce ta bakin Ines in na sa ƙanƙara zai ji a jikinsa. Ina sauka Kwangila ban nufi Samaru ba, keke na hau zuwa Jushi da akwatina. Na tarar da Yaya Rifkatu a tsakar gida ta miƙe ƙafa kan tabarma tana gyaran wake. Ko sannu da hanya ba ta gama yi mini ba.

"Ya sha?"

"Ya sha, Yaya. Cike da kofi, har ya kife."

"Ya ji daɗinta?"

"Ko kaɗan. Ta lalace tun a shago. Ya san ta lalace, na gaya masa, hancinsa ma ya gaya masa. A gaban mutanensa ya shanye."

Ta zare hannunta daga cikin waken. Sannan ta jawo gefen zani ta goge fuska.

"Kira mini Yohanna," ta ce. "Ka ce ya ba ni 'yata in ji muryarta."